Awa Huɗu a Sama, Damina Bakwai a Ƙasa: Daga Kano Zuwa Umdurman

Tsakanin Kano da Khartum akwai nisan kilomita kusan 2,600 idan aka ja layi miƙe a sararin sama. Jirgin fasinja na zamani, mai cin kilomita 800 da ɗoriya a awa guda, yakan gama wannan tafiya cikin awa uku da rabi zuwa huɗu muddin bai yada zango ba. Nisan ya ɗan ɗara wanda ke tsakanin Landan da Istanbul, wato kusan daga wannan gefe na Turai zuwa wancan. A lokacin zaman lafiya mutum yana iya yin sallar asuba a Fagge, ya riski azahar a bakin kogin Nilu, ko da yake agogon Sudan yana gaba da namu da awa ɗaya. Wannan lissafi duk mai sayar da tikiti ya san shi. Akwai kuma wani lissafin da ba a rubuta shi a jikin tikiti, kuma sai da na taka ƙasar Umdurman, 'yan shekaru kafin yaƙin da ake ciki a Sudan, sannan na san da shi.

Jirginmu ya bi ta Njamena, garin da dattawanmu ke kira Fotlami har yau, ko da yake an canza masa suna tun 1973. Daga Kano zuwa can kilomita 700 ne da 'yan kai, tafiyar awa guda da kaɗan. Bayan mun sake tashi sai ƙasa ta fara sauya launi a ƙarƙashinmu: kore ya ja baya, ja ya shigo, daga nan sai rairayi da duwatsu da busassun koramu masu lanƙwasa. Na zauna ina lissafi a zuci. Jirgin yana cin kimanin kilomita 14 a minti ɗaya. Magidanci mai tafiya da mata da yara da jaki, in ya yi kilomita 25 zuwa 30 a wuni ya yi ƙoƙari. Ke nan duk minti biyu da muka yi a sama, wunin wani bawan Allah ne cur, daga fitowar rana har faɗuwarta. Kafin a kawo mana shayi mu shanye, mun wuce tafiyar mako guda. A ƙarƙashinmu Abeshe take, da Adire, da Junaina, da Fashir, da Nuhud, da Ubayyid, sunayen da nake ji tun ina yaro a bakin tsofaffin alhazai, ga shi muna tsallake su ba tare da mun ga ko bukka ɗaya ba.

Filin jirgin Khartum a tsakiyar gari yake. Jirgi yakan sauko ta saman rufin gidaje da hasumiyoyin masallatai, har ka hangi shanya a kan soraye. Daga sama ne ma ake fi gane yadda birnin yake: garuruwa uku ne ruwa ya raba su, gadoji suka haɗa su. Ga Khartum mai ma'aikatu da manyan tituna, ga Bahri a arewacin Shuɗin Nilu, ga Umdurman a yamma, shimfiɗe da gidajen ƙasa har iyakar ganin ido. Daga filin jirgi zuwa Umdurman 'yan kilomitoci ne ƙalilan, amma in mutum ya faɗa cunkoson bakin gada da rana, yana iya cin lokacin da ya ci daga Kano zuwa Njamena. Ƙananan motocin haya da suke kira amjad, da a-daidaita-sahu da suke kira raksha, da amalanken jaki, duk kan hanya ɗaya suke turereniya.

Wurin da ake kira Mugran shi ne abin mamaki na farko. Nan ne Farin Nilu, wanda ya taso daga yankin tafkin Biktoriya, ya haɗu da Shuɗin Nilu, wanda ya gangaro daga tafkin Tana na ƙasar Habasha. Ɗaya fari-fari ne mai tafiya a natse, ɗayan kuwa duhu gare shi da ƙarfi. Abin da ya tsayar da ni shi ne ba sa gaurayuwa nan take. Sukan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kamar saƙi mai zare biyu, sai can gaba su zama ruwa ɗaya su nufi Masar. A tsakiyar mahaɗar tsibirin Tuti yake, da lambunan lemo da kayan miya, ƙauye sosai a cikin cibiyar babban birni.

Umdurman ita ce zuciyar Sudan ta gargajiya. Ƙaramin ƙauye ce har zuwa 1885, shekarar da Mahadi Muhammad Ahmad ya ci Khartum a watan Janairu, ya mai da ita mazauninsa, ya kuma rasu a cikinta a watan Yuni. Ƙubbarsa mai ruwan azurfa tana ƙyalli daga nesa. Turawan Ingila sun rushe ta asali bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba 1898, aka sake gina ta a 1947. Daura da ita gidan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, yake, wanda aka mayar gidan tarihi. Na ga jibbobin Ansar, mabiyan Mahadi, masu faci-faci, da masu, da takubba, da bindigogi, da kuɗin da aka buga a zamanin. Tsaunukan Karari suna arewa da garin, inda manyan bindigogin Kicina, kwamandan Ingila, suka kashe mutum sama da dubu goma a safiya ɗaya. Bakano ko Basakkwace ba zai tsaya a wurin nan ya ji kamar tarihin wasu yake kallo ba, domin shekara biyar kacal bayan Karari irin wannan wuta ta ci Kano da Sakkwato da Burmi.

Ranar Juma'a da la'asar sakaliya aka kai ni maƙabartar Shehu Hamadun Nil. Mabiya Ƙadiriyya sukan taru a filin da ke gaban ƙubbar, cikin tufafi kore da ja, da ganguna da turaren wuta, su yi da'ira suna zikiri har faɗuwar rana. Wanda ya taɓa halartar maukibi a Kano zai ji jikinsa ya gane kiɗan tun kafin kunnensa ya tantance kalmomin. Kasuwar Umdurman kuwa sai wanda ya gani: layin maƙeran zinariya da azurfa, layin masu ɗinkin takalmin markub, layin turare da sandal da humra, buhunan zoɓo da tsamiya da 'ya'yan kuka da dabino. A ƙarƙashin kusan kowace bishiya akwai mai shayi zaune a kan 'yar kujera, da kwalaben citta da kanumfari da na'ana'a a jere, tana dafa shayi da gahawar da suke kira jabana. Can yamma da gari, a Muwailih, ake cin kasuwar raƙuma, inda ake haɗa garkunan da za a kora zuwa Masar.

Amma duk waɗannan ba su girgiza ni kamar abin da ya same ni da magariba a wani gefen titi ba. Ƙamshi ne ya fara kirana, ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji a kan nama. Na waiwaya sai ga tsire sak irin namu, an kewaye garwashi da tsinkaye. Duk Sudan agashe suke ce masa, kuma kowa ya san sana'ar Hausawa ce. Na yi sallama da Hausa, mai naman ya amsa da Hausa, Hausa mai tsohon ɗanɗano wadda Larabci ya ratsa. Kafin in ankara an shimfiɗa mini tabarma kusa da wani dattijo mai farin rawani irin na Sudan.

"Itfaddal, ɗana, zauna," in ji shi. "Daga wace ƙasa?"

"Daga Kano, Baba."

"Masha Allah. Yaya mutanen gida? Kwana nawa ka yi a hanya?"

"Ban kwana ba, Baba. Da safe na taso."

Ya ɗan yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Mu damina bakwai muka yi. A goye na bar ƙasar Katsina, da ƙafata na shigo Ubayyid."

Ya ba ni labarin yadda aka yi. Mahaifinsa ya sayar da gona ya ɗaura niyyar hajji da iyalinsa duka. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma, ko dako, ko wanzanci, ko koyar da allo, a tara abin da za a ƙara gaba da shi. Sun yi damina biyu a ƙasar Wadai, sun yi wasu a Darfur. A hanya aka haifi ƙannensa, a hanya aka binne kakarsa. Mahaifin ya sauke farali daga baya, ya dawo Sudan da niyyar tara kuɗin komawa gida, Allah bai nufa ba. Shi kuwa dattijon bai taɓa ganin Katsina da idon wayo ba, amma ya san sunan unguwarsu da sunan mai unguwar wancan zamani, kuma jikokinsa suna jin Hausa.

Labarinsa labarin dubban gidaje ne. Mutanen Sudan suna kiran jama'armu Fallata ko Takarir, suna haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a suna ɗaya. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta kawo mafi yawansu, sai kuma hijira. An daɗe ana riƙe da zance a daular Sakkwato cewa a ƙarshen zamani jama'a za su yi ƙaura zuwa gabas, wajen kogin Nilu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi musayar wasiƙu da Mahadin Sudan, ya kuma bi shi. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da jama'a masu yawa ya nufi gabas, aka yi masa shahada a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar mutanen har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu. Maniyyata suka riƙa tsayawa tsinkar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin ko Fot Sudan zuwa Jidda. Da yawa sun tsaya ke nan. Shi ya sa za ka tarar da unguwannin Hausawa a Madani, da Gadarif, da Kasala, da Damazin, da Fot Sudan, da cikin Khartum kanta.

Wani abin mamakin kuma shi ne hanyar sama a kan sawun alhazai aka shimfiɗa ta. Jirgin sama na farko da ya taɓa sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarki Usman, ta Khartum ya biyo. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, suka taso daga Hulwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka bi ta Khartum da Ubayyid da Fashir da Abeshe da Fotlami da Maiduguri. Kwana shida suka yi, kuma a lokacin abin ya zama kamar almara. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano, yana sauka a kusan waɗannan zangunan. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, daga 1940 aka riƙa sauke jiragen yaƙi a akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Junaina da Fashir zuwa Khartum, daga nan sai Masar. Dalilin bin wannan layi a bayyane yake: jiragen wancan zamani ba sa iya dogon zango, dole su sauka inda akwai rijiya da gari da mutane, kuma ƙafar matafiya ta riga ta gano waɗannan wurare tun ƙarnoni da suka wuce.

A ƙasa ma tafiyar ta riƙa gajarcewa mataki-mataki. Layin dogo ya isa Ubayyid a 1912, ya kai Niyala a 1959, ya rage wa masu ƙafa ɗaruruwan kilomitoci. A ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano irin su Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka tsara jigilar maniyyata da manyan motoci, tafiyar shekaru ta koma ta watanni da makonni. Ba alhazai kaɗai ke bin hanyar ba, har da ilimi. Malaman Sudan ne suka koyar a makarantar shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, Shehu Abubakar Gumi ya yi karatu a Bahtar Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950, daga baya kuma dubban 'ya'yanmu suka cika Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum. Sai jirgin alhazai ya zo ya ɗauki mutum daga Kano ya dire shi Jidda a rana ɗaya, ba tare da ya san ya ratsa ta saman danginsa ba.

Ni ba mai kukan wahalar da ta wuce ba ne. Hanyar ƙafa ta ci rayuka, ta raba iyalai, wasu 'yan fashi suka tare su, wasu ƙishirwa ta kashe su, wasu aka kama 'ya'yansu aka sayar. Jirgin sama rahama ce, kuma duk tsohuwar da ta je Makka ta dawo cikin jikokinta lafiya shaida ce. Sai dai Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Lokacin da ake tafiya a ƙasa, kowace shekara sababbin baƙi na isowa Mai Wurno da Madani da Umdurman ɗauke da labarin gida: wane ya rasu, wane ya yi sarauta, damina ta yi kyau a ƙasar Zazzau. Da tafiya ta koma sama, sai wannan igiya ta yi sanyi. Mun matso kusa da su da awoyi, mun yi nisa da su da labari.

A Turai na ga an bi da nisa ta wata fuska. Tsakanin Landan da Faris kilomita 340 ne, kusan kamar Kano da Abuja. Jirgin sama yana yinta a awa ɗaya da 'yan mintuna, jirgin ƙasa kuma, ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, yana yinta a awa biyu da kwata, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Tsakanin Landan da Istanbul jirage da yawa ne ke tashi kowace rana. Ingila da Faransa sun shafe ƙarnoni suna yaƙar juna, harshensu ba ɗaya ba, amma sun yi wa kansu hanya ta sama da ta ƙasa da ta ruwa. Mu kuwa da muke da jini ɗaya da alƙibla ɗaya da mutanen bakin Nilu, ko a lokacin zaman lafiya jiragen da ke haɗa Kano da Khartum 'yan ƙalilan ne a mako, babu layin dogo, babu kwalta ɗaya miƙaƙƙiya da za ta kai mota daga Maiduguri zuwa Umdurman. Kilomita ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Abin da ke tsawaita tafiya ko ya gajarta ta shi ne hanya, da zaman lafiya, da niyyar masu mulki.

An ga gaskiyar wannan ranar 15 ga Afrilu 2023, da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Filin jirgin da na sauka a cikinsa yana cikin wuraren da aka fara kai wa hari, jirage suka ƙone a inda suke tsaye. Cikin wuni ɗaya awa huɗun nan ta ɓace. Ɗalibanmu da suka je Khartum tsakanin safiya da azahar, sai da aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a hamada suna jiran izinin shiga, wasu kuma aka bi da su ta Fot Sudan. Sai a farkon watan Mayu rukunin farko ya sauka Abuja. Su sun sami gidan komawa. A Darfur kuwa dubban mutane suka fito daga Junaina a ƙafa suka nufi Adire ta ƙasar Chadi, da yara a goye da kaya a ka, a kan hanyar nan da kakanninmu suka bi, sai dai su yamma suka fuskanta. Fiye da mutum miliyan goma yaƙin ya raba da muhallinsu. A cikinsu akwai Hausawan Sudan, waɗanda tun a 2022 rikicin ƙasar noma a jihar Shuɗin Nilu ya riga ya kashe musu mutane ya kori wasu, har aka riƙa ce musu baƙi a ƙasar da aka binne kakanninsu.

Waɗannan mutane 'yan Sudan ne cikakku. Guminsu yana cikin audugar Jazira da dawar Gadarif, kuma babu mai ikon ya ce su tattara su koma wani wuri. Amma kasancewarsu 'yan Sudan bai cire su daga cikin danginmu ba, kuma akwai hakkinsu a wuyanmu. Masarautun Sakkwato da Kano da Katsina da Borno suna da murya da za a ji in sun yi magana a kan halin da suke ciki. Attajiranmu da ƙungiyoyin agajinmu suna iya kai abinci da magani sansanonin gabashin Chadi, waɗanda ba su kai nisan Makka da muke zuwa Umra kowane azumi ba. Jami'o'inmu, irin su Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello da Abdu Mumuni ta Yamai, ya kamata su tura masu bincike su naɗi muryoyin dattawan da suka taka hanyar nan da ƙafarsu, domin kaɗan suka rage, kuma kowane ɗaya ya tafi, ya tafi da sunayen rijiyoyi da zanguna da kaburbura waɗanda babu su a kowace taswira. In Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, hanyar Kano zuwa Khartum tana cikin abubuwan farko da ya kamata gwamnatocinmu su nemi a farfaɗo da su, a sama da kuma a ƙasa. Mutanen da suka yi damina bakwai kafin su isa, suka kuma riƙe harshenmu shekara ɗari a bakin Nilu, sun cancanci mu yi tafiyar awa huɗu mu je mu gaishe su. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mai da kowa ɗakinsa.